Tabon da ke Tsakiyar Madubi

Litinin, biyar saura kwata na yamma

Kowace shekara sai wani cikin sababbin ɗalibai ya leƙa cikin Igwa, ya hango ƙura kwance a kan madubin da ke can ƙasan bututu, ya sa hannu aljihu neman hankici. Kowace shekara kuma sai na cafke hannun. Mutane sun ɗauka madubin kallon taurari kamar na ɗaki ne, in ya yi dauɗa a hura masa iska a goge da bakin zane. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙyalli a jikinsa a saman gilashin yake, ba a baya ba, kuma bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Ƙura kaɗan ba ta rage shi da komai. Karce ɗaya kuwa ya zauna ke nan har abada. Shi ya sa dokarmu ta farko a ƙungiyar kimiyya, wadda na rubuta da jan alli a jikin ƙofar ɗakin gwaji, ita ce: kada a taɓa madubi.

Igwa sunan da yara suka laƙaba wa na'urarmu ta hangen taurari ne, don doguwa ce, baƙa, zaune kan akwatin katako da baki sama kamar za ta harbi wata. Shekara tara ke nan da muka haɗa ta, ni da Baba mai agogo na bakin kasuwa. Madubin ne kawai ya zo daga nesa, sauran duk aikin hannunmu ne. Wannan littafin na gyare-gyarenta ne. A nan nake rubuta ranar da aka ɗaure noti, ranar da aka sake fenti.

To ga abin rubutawa na yau. Ranar Asabar bayan faɗuwar rana na saita ta kan Mushtari, babbar duniyar nan da ke haske a sama kamar tauraro, don gwaji. Watanninsa huɗu na nan a jere, tas da su. Shi kansa kuwa akwai wani tabo toka-toka a tsakiyarsa, kamar an dangwala masa babban yatsa.

Na yi wa 'yan ajin ƙarshe alkawari: Alhamis ɗin ƙarshen zango, kafin su bar makarantar gaba ɗaya, kowa sai ya ga Mushtari da ratsin jikinsa da idonsa. Su talatin da ɗaya ne. 'Yan ajin ƙarshe kaɗai nake fito wa da ita fili, don haka wasunsu tun suna aji ɗaya suke jira.

Saura kwana goma sha bakwai. Saiti ne ya goce. Ba wani abu ba ne.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na sa an kawo min ita gida. Tana baranda, ta tare hanyar shanya.

Saiti aikin mutum biyu ne. Madubai biyu gare ta: babba a ƙasa, da ƙarami a karkace kusa da baki, shi ke juyo da haske zuwa gefe inda ake ɗora ido. Ana cire gilashin ido, wanda ake leƙawa ta cikinsa, a sa murfin gora da aka huda da allura, a leƙa. A tsakiyar babban madubin akwai ɗan zoben takarda da muka manna. Ɗaya na leƙe, ɗaya na murɗa sukuru uku da ke bayan madubin, har zoben ya zauna daidai tsakiya.

Maigida ya rufe shagon ɗinkinsa da wuri don ya murɗa min.

"Malama, wai wanne zan murɗa? Tun ɗazu nake tsugune, gwiwata ta fara ƙara kamar tsohon keke."

"Dakata. Zoben ya faɗi."

"Ya faɗi ina?"

"Ni na sani? Gam ɗin ya tsufa."

Ya miƙe yana dafa bango, ya ce in matsa. Ya leƙa. "Ɗan farin nan? Ai ga shi nan kamar idon kifi."

Na sake leƙawa. Babu. Na ɗan kawar da kai zan yi masa magana, sai na ga abin ya ƙyasta min ta gefe. Na dawo da ido kansa, ya ɓace.

Na ce hasken baranda ne bai yi kyau ba. Muka yi musanya, shi yana leƙe, ni ina murɗi. Cikin minti goma ya zaunar da shi tsakiya, har yana cewa da ya sani da wannan sana'ar ya koya.

Alhamis, bakwai da rabi na yamma

Ba saiti ba ne.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Ɗan bututun da ke shiga da fita da gilashin ido har hoto ya fito sarai ya daɗe yana rawa. Tun bara nake cewa za a sake shi. Na kwance shi na kai wa Baba.

Shagon yana nan yadda na san shi. Mutum biyu ba sa wuce juna a ciki. Agogon bango goma sha biyu, kowane da inda ya nufa. Faranti cike da sukurori ƙanana kamar tsaba. Shi kuma a duƙe, da ɗan gilashin nan na masu agogo maƙale a idonsa na hagu.

"A'a, ga mai harbin sama! Yau kuma wane tauraro ne ya yi miki laifi?"

"Baba, agogonka goma sha biyu, ba biyu da suka yarda da juna, amma ni kake wa ba'a?"

"Ai ba nawa ba ne. Kowane ya tsaya inda mai shi ya bar shi. Kawo in gani."

Ya juya abin, ya kaɗa shi kusa da kunne. Ya ce zai yanka min sabo na tagulla, mai ƙananan haƙora, wanda in an murɗa sau ɗaya gani zai matsa kamar kaurin gashi. Na ba shi labarin tabon. Ya saurara bai ɗago ba.

"Tabon in kin juya gilashin ido, yana juyawa tare da shi?"

"A'a."

"In kin matsar da bututu?"

"Yana nan inda na duba."

"Inda kika duba," in ji shi. Sai ya ci gaba da aikinsa.

Da zan tafi ya ɗauko wani sukuru da hantsaki ya miƙo min, wai in gwada shi a gida. Na kai yatsu biyu na kama. Iska na kama. Na sake, na sake kama iska. Ya cire gilashin daga idonsa ya dube ni. Ya kamo hannuna, ya sa min sukurun a tafi, ya naɗe yatsuna a kai kamar ana ba yaro alewa.

Shagon nan duhu gare shi. Na sha gaya masa ya ƙara fitila.

Saura goma sha biyu.

Lahadi, shida da rabi na safe

Na farka kwance ta hagu, rabin fuskata cikin matashi. Bakin ƙofar ɗaki ya lanƙwashe a tsakiya kamar igiya. Na tashi zaune, ya miƙe. Barci ne bai sake ni ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Wataƙila haske ne ke yawo cikin bututun, fentin ciki ya koɗe. Maigida ya kawo ragowar baƙin karan-miski daga shago, muka yi wa cikin Igwa shafi da shi. Yanzu in ka leƙa kamar rijiya. Na ji daɗin aikin ƙwarai, har ina waƙa.

Muna cikin yi ya ce, "Zura min zaren nan, hannuna duk gam."

Sau uku ina gwadawa. Na ce kafar allurar ta toshe. Ya karɓa da hannun gam ɗin ya zura, tashi ɗaya. Shi da bai taɓa roƙon kowa zura zare ba tun da na san shi.

Yanzu na ɗaga akwatin gilasai na ga wani kati a ƙarƙashi. Ba ni na ajiye ba. Ban karanta ba. Na dai ga Talatar sama ce, ƙarfe tara na safe, da sunana. Na mayar da akwatin a kai.

Litinin, biyu da kwata na rana, ɗakin malamai

Yau na koya wa 'yan ƙungiya kallon gefe. Darasin da na fi so ke nan duk shekara, don yara ba sa taɓa yarda da farko.

Na ce musu, tauraro mai rauni in ka kafa masa ido sai ya ɓuya. In kana son ganinsa, ka dubi ɗan gefensa, hankalinka kuma na kansa.

Akwai wata da suke kira Lauya, ba ta barin magana ta wuce ba ta yi mata tambaya ba. Ta ɗaga hannu tun ban rufe baki ba. "Malama, ya za a ce in kana son ganin abu kada ka kalle shi? Wannan ai kamar a ce in kana jin yunwa ka rufe baki."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Na zana musu ido a allo. Na ce tsakiyar ido ma'aikaciyar rana ce, ita ke karatu, ita ke gane launi da fuskar mutane, amma da duhu ya yi sai ta tashi daga aiki. Gefen ido shi ne mai gadi. Bai iya karatu ba, amma ko ɗan haske ya gilma sai ya gani.

"To Malama, in tsakiyar ta lalace fa? Mai gadi zai iya riƙe ofis?"

Na duba agogo na ce lokaci ya yi. Saura minti shida ne.

A rajista na ba wani yaro makin na ƙasa da shi. Layukan sun cika matsewa bana.

Talata, takwas saura na yamma

Sabon gilashin ido da na yi oda ya iso, mai faɗin fili. Baba kuma ya aiko da bututun tagulla, yana tafiya kamar an shafa masa mai. Igwa ba ta taɓa yin kyau haka ba. Na fitar da ita tun da sauran rana don madubin ya huce, na jira har sama ta yi shuɗi mai duhu.

Watannin Mushtari uku ne a fili yau, ɗaya ya shige bayan uwar. Duk wanda na kafa wa ido a cikinsu sai ya tafi, 'yan'uwansa su rage.

Maigida na tsaye a bayana da kofin shayi. "Yaya?"

"Da sauƙi."

"In leƙa?"

"Bari sai na gama gyara."

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Saura madubin. Shi kaɗai ne ban taɓa ba. Saura takwas.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma

Wanki ba shafa ba ne. Littattafai sun yarda da shi, sau ɗaya a shekaru masu yawa. Na rubuta wannan ne don duk wanda ya karanta ya san ban karya doka ba.

Na cire zobena da awarwaro. Na shimfiɗa tawul a ƙasan baho, na kwantar da madubin fuska sama, na zuba ruwa mai ɗumi har ya rufe shi, ɗigon sabulu ɗaya. Na bar shi ya jiƙa. Sannan auduga: a ɗora ta cikin ruwa, a ja ta da nauyinta kawai, daga wannan gefe zuwa wancan, a yar. Kowane ja da sabuwar auduga. Na ɗauraye da tataccen ruwan da na ɗebo a ɗakin gwaji, na jingine shi a tsaye ya tsane.

Ƙurar shekara tara ta fita. Ya yi kyau har na ji ƙwalla. Na duƙa na dubi fuskata a ciki, ta yi girma, ta cika shi. Na rufe ido ɗaya yadda na saba in zan leƙa Igwa.

Ba ni da hanci. Goshi, haɓa, kunnuwa, a tsakiya kuma toka.

Ashe tabon ya kama sosai.

Juma'a, biyar da rabi na safe

Inna, a shekarunta na ƙarshe, in za ta dube ka sai ta karkata kai, ta kalli kafaɗarka. Mu yara muna kwaikwayonta a bayan ɗaki, mun ɗauka salo ne. Ranar da na kawo mata takardar shaidar gama karatuna ta riƙe ta can gefe, wajen kunne, ta daɗe, sannan ta ce, "Karanta min, 'yar nan, na fi son in ji da muryarki."

Ban san abin da ya kawo min wannan da sassafe ba. Littafin gyaran Igwa ne wannan.

Asabar, sha ɗaya na safe

Na sake wanke shi. Wannan karon na ɓare zoben takardar, don a zatona gam ɗinsa ne ya bazu. Auduga ba ta fitar ba. Na ƙara sabulu. Na sa babban yatsa a kan audugar na danna. Na murza. Ina ji a jikina ina murzawa, ina jin muryata tana gaya wa yara kada a taɓa madubi, ban daina ba.

Hannu ya kama wuyan hannuna. Ban ji shigowar Maigida ba.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Sake ni, saura kaɗan ya fita."

"Me zai fita? Malama, dubi Allah. Ba komai a jikin madubin nan. Tun shekaranjiya nake kallonsa, ya fi gilashin shagona tsabta."

"Kai me ka sani a kan madubi? Tela ne kai!"

Ya saki hannuna. Shekara ashirin da ɗaya da aurenmu ban taɓa jifansa da sana'arsa ba.

"E, tela ne ni," in ji shi a hankali. "Shi ya sa na san wanda ke ganin kafar allura da wanda ba ya gani."

Ya tsamo madubin da hannu biyu ta gefe, yadda na koya masa, ya ɗaga shi wajen haske. Sai da na karkata kai na gani: karce, siriri, tsawon farce, daga inda zoben yake. Nawa ne. Yatsana ne.

Ya naɗe shi da sabon yadi, ya kira mai mota, suka ɗauki Igwa gaba ɗaya. Daga ƙofa ya ce, "Tana wajen Baba. In kina so ki je can ki karɓa."

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Mun ci abinci kowa na kallon kwanonsa. Baranda ta yi faɗi. Saura huɗu.

Litinin, shida saura na yamma

Daga makaranta na wuce kasuwa, da maganganuna a shirye. Na tarar da Igwa a ƙofar shagon, a haɗe tsaf, ta ba rana baya, bakinta na kallon tankin ruwan da ke can bayan tasha. Baba na zaune kusa da ita kan benci kamar mai gadin amarya.

"Baba, na zo ɗaukar kayana."

"Sannu da zuwa ma ba za a bari in yi ba? Leƙa tukuna, ki gaya min lambar da ke jikin tankin can. A kife za ki gan ta, kin fi ni sani."

Na leƙa. "Huɗu. Da bakwai."

"Tsakaninsu fa?"

"Tabon ne. Ai na gaya maka."

"To. Yanzu da ɗaya idon."

Na ce ban saba ba. Na ce shekara tara da dama nake leƙe, har ƙaramin madubin nema, wanda ake fara laluben tauraro da shi, a ɓangaren dama muka ɗaura shi. Na ce yamma ta yi, ina da takardun yara da zan duba.

"Malama. Ke kika koya min, a shagon nan, cewa in abu ya ƙi, a riƙa canza abu ɗaya-ɗaya har a kama mai laifi. Kin canza saiti, kin canza bututu, kin canza gilashi, kin wanke madubi har kin ji masa ciwo. Abu ɗaya ya rage, shi kuma ko sukuru ba a kwancewa."

Masu wucewa sun fara tsayawa kallon Igwa. Na rufe na dama da tafin hannu, na duƙa.

Huɗu, sifili, bakwai. Tsatsa na bin ƙasan sifilin. Wata tattabara a kife tana gyara fiffike, har ina ganin jan ƙafarta. Tas. Ko'ina tas.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji Baba na korar mutane, "Ku wuce, ba sinima ba ce."

Ya zauna kusa da ni, ya ciro ɗan gilashinsa yana juya shi a hannu. "Ke a zatonki ni bahago ne? Shekara ashirin da biyu na yi ina sa wannan a dama. Da abin ya zo, gilashi na zarga. Na sayi sabo har biyu. Na ɓata agogon mutane uku, na rantse musu agogon ne ba su da kyau. Kafin in kai kaina inda ya kamata, an ce na makara. Ke kuwa an ce min kina da katin asibiti."

"Har wannan ya gaya maka?"

"Mijinki ya zauna kan bencin nan jiya, babba da shi, yana share ido da tsumman goge agogo."

Na tambaye shi karcen. Ya yi dariya. "Sa'arki ɗaya, a tsakiya kika yi shi. Ba ke kika ce min tsakiyar madubin ba ta aiki ba, inuwar ƙaramin na rufe ta, shi ya sa ake manna zobe a wurin? Tun ranar da muka haɗa Igwa ba ta gani da tsakiyarta. Wa ya taɓa kawo ƙara?"

Na sani. Na kuma san dattin babban madubi ba ya taɓa fitowa kamar tabo a hoto, dusashe shi kawai yake yi. Shekara tara ina koyar da haka.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Mun je asibitin ido. Shi ya riƙe min jaka.

Sun ɗiga min wani abu, yanzu duniya duk ta yi fari, da ƙyar nake ganin layin littafin nan. Likitar yarinya ce, ba ta fi ɗalibaina na farko ba. Ta nuna min hoto a allon na'ura, ta yi bayani da kyau, da ni ce na ba ta maki. Ta ce da na ƙara wata biyu da maganar ta canza. Za a fara ranar Litinin. Allura ce. Ban tambaya a ina ba. Na san a ina.

Abin da ya tafi ba ta yi alkawarin zai dawo ba. Na hagun, ta ce, lafiyarsa ƙalau a yanzu.

A yanzu. Tun a mota nake juya kalmar nan.

A hanya na ce masa, "Maganar ranar Asabar..." Ya ce, "Wacce? Ni tela ne, ba na riƙe magana, sai awo."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gyare-gyaren yau, don a rubuta:

An mayar da madubin nema ɓangaren hagu. Baba ya huda sababbin ramuka biyu, ya toshe tsofaffin. An manna sabon zoben takarda, ya rufe rabin karcen. An sake saiti, ni ke leƙe, Maigida na murɗi. Na ga zoben.

Hagun bai iya ba tukuna. Yana ruwa, yana gajiya, na dama kuma na ta son buɗewa. Maigida ya ɗinka min ɗan mayafin kai da ragowar karan-miskin, in lulluɓa in bar ido biyu a buɗe. Na sa, ya ce na yi kama da mai ɗaukar hoto na zamanin da.

Gobe ne. In gajimare ya taso fa? In na kasa samo shi a gabansu fa?

Alhamis, shida da kwata na yamma, filin makaranta

Sama garau. Yara sun fara taruwa. Na ɗauko mayafina.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Na daɗe ban samo shi ba. Hannuna na kai bututu dama, idona na neman hagu. Yara talatin da ɗaya a layi, shiru, sai tari. Na ji Lauya na raɗa, "Yau Malama ta canza gefe."

Na fito daga cikin mayafin na ce, "Lauya, ranar nan kin yi tambaya na gudu. Tsakiyar idona na dama ta samu matsala. Kwana goma sha huɗu ina zargin Igwa, har na karya dokar da ke jikin ƙofa. Ran Litinin za a fara min magani. Ko mai gadi zai iya riƙe ofis, ban sani ba tukuna. In na sani zan aiko miki."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce, "To Malama, ki yi a hankali, ba ma sauri."

Na koma. Sai ga shi ya shigo fili, fari, da ratsi biyu a ciki, watanni huɗu a jere. Na matsa gefe na ce na farko ya zo.

Kowa ya gani. Na ƙirga su. Wani ya ce ƙarya ne, hoto muka manna a ciki, ya zaga ya leƙa bakin bututu. Wata ta ƙi tashi sai da aka janye ta. Baba ya zo da sandarsa, ya leƙa da hagunsa, ya ce tauraron ma bai yarda da agogonsa ba.

Da suka watse na gwada da na dama. Toka. Na dubi ɗan gefe, hankalina na kansa. Ya fito. Ba sarai ba, amma shi ne.

Litinin na nan tafe, kuma ina tsoro. Na rubuta ne don kada in sake cewa ba wani abu ba ne.

Da safen nan na ƙara doka ta biyu a jikin ƙofa, ƙarƙashin ta farko: kafin a zargi madubi, a gwada ɗaya idon.

Kai da za ka gaji littafin nan, ko ke, ba sai kana da Igwa ba. Yau ɗin nan ka tsaya gaban ƙofar ɗakinka, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka dubi bakin ƙofar daga sama har ƙasa. Ka sake da ɗayan. In ya miƙe duka biyun, madalla. In ya lanƙwashe, kada ka ɗora akwati a kan katin. Sannan in rana ta faɗi ka fita waje, ka nemi taurarin nan, kaza da 'ya'yanta, a sama, ka kafa musu ido ka ƙirga. Sai ka ɗan kawar da idon gefe, kamar faɗin yatsa biyu, ka bar hankalinka a kansu. Gwada ka ga nawa za su ƙaru.